Gaisuwar Tsaye

Ni ba na iya zama wuri ɗaya, haka Allah ya yi ni. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce tun ina goye nake shure-shure kamar an zuba min ƙaiƙayi a zani. Da na girma na zama malamin makaranta ma ban taɓa koyarwa a zaune ba, daga allo zuwa taga, daga taga zuwa bayan aji, har wuyan ɗalibai ya gaji da bina. Wannan rawar ƙafar ce ta kai ni ƙasa a wata damina. Na taso daga gidana a Yelwa a kan babur ana yayyafi, na ga zan makara, na ce bari in wuce wata motar yashi. Motar ta yi gaba abinta, ni kuwa na tsinci kaina a cikin kwalbati, ƙafar hagu ta juya inda ba a halicce ta ta juya ba. Aka yi min tiyata a gwiwa. Na yi makonni a kwance ina kallon silin, ina yi wa matata faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Mahaifina a lokacin ya haura tamanin. Yana cikin gari, a gidanmu na gado kusa da Ƙofar Ran, ƙanwata ce ke kula da shi tun rasuwar mahaifiyarmu. Yadi ya sayar a kasuwar Wunti har ƙarfinsa ya ƙare, ya koma zaure ya shimfiɗa buzunsa, ga rediyo, ga buta, ga sanda a jingine. Makarantar da nake koyarwa ba ta da nisa da gidan, don haka kullum da safe sai na biya na gaishe shi kafin in wuce aiki. In tuɓe takalmi a waje, in yi sallama, in shiga in tsuguna a hagun ƙofa, kaina ƙasa da nasa. Gaisuwar Baba kuwa ba ta mai sauri ba ce. Sai an yi ta kwana, an yi ta gajiya, an bi yarana ɗaya bayan ɗaya, an tambayi uwarsu, an tambayi aiki, an taɓa ruwan jiya, sannan a gangara gonarmu ta Zungur a ji ko an yi noman biyu. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kama sunana ba, kuma ba ya kallon fuskata. Bango yake kallo yana magana. Idan dole ta kama ya ambace ni, sai ya ce mutumin Yelwa.

Duk kwanciyar da na yi bai zo duba ni ba, kuma ban sa ran zai zo ba. Ƙanwata yake turowa da masa mai zafi a kwano, da saƙon cewa a gaya wa mutumin Yelwa ya rage gudu.

Ranar da na fara fita, na ɗauki keke napep har ƙofar gida, na dogara sandunan asibiti na shiga zaure. Sai a nan na tuna da abin da ban yi tunaninsa ba duk tsawon kwanciyata. Gwiwar ba ta lanƙwasuwa. Ga Baba a ƙasa a kan buzu, ga ni tsaye ƙiƙam a kansa kamar ɗan sandan da ya zo kama mutum. Na sunkuyar da kai, na ranƙwafa iya yadda sandunan suka bar ni, amma duk da haka saman hularsa nake gani. Kunya ta rufe ni, gumi ya karyo min.

Baba ya jawo sandarsa, ya dafa bango da ɗaya hannun, ya yunƙura, ya miƙe tsaye.

Na ce, "Baba, don Allah ka zauna."

Ya ce, "Dama ƙafata ta yi tsami, miƙewa zan yi. Ina jin ka."

Ko da ya ranƙwafa saboda shekaru, Baba ya ɗara ni tsawo. Da ya miƙe sai kaina ya koma ƙasa da nasa, aka yi gaisuwa yadda aka saba, har aka kai Zungur aka dawo. Washegari ma yana jin sallamata ya jawo sanda. Ya ce wai yoyo yake son dubawa a rufin zaure. Rana ta gaba tsaka ce ya gani a bango. Bayan nan ya daina neman dalili, ni ma na daina cewa ya zauna. Gaskiya ma daɗi na fara ji. Tunda nake ban taɓa tsayawa kusa da fuskar mahaifina haka ba. Na ga tabon da ke gefen girarsa, na ga yadda gemunsa ke motsi idan zai yi dariya ya danne. Sai na riƙa jan hirar, ina ƙaro labarin makaranta da na unguwa, shi kuma yana tsaye yana kallon bango yana cewa, "Too, ikon Allah."

A wannan lokacin ne aka haɗa ni da wata likitar gashin ƙashi da ke da ɗan ɗakin aiki a Yelwa, Kirista ce 'yar wajen Bogoro, doguwa, ba ta da wasa a kan aikinta amma akwai baki. Ranar farko matata ta raka ni. Da aka ce in naɗe wando har cinya, na tsaya ina kame-kame.

Likitar ta ce, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Naɗe mu gani."

Da na naɗe, ni kaina na tsorata. Cinyar hagu ta tsotse ta zama kamar ta wani yaro aka ara min. Likitar ta ce bayan irin wannan tiyata tsokar gaban cinya barci take yi, mutum ya ce mata ta motsa ta yi kunnen uwar shegu. Ita ce kuma ke riƙe mutum idan zai tsuguna ko zai tashi. Sai ta ɗauko wata 'yar ɗamara ta roba, cikinta da maɓallan ƙarfe masu sanyi, bayanta da ɗan akwati kamar na ashana. Ta goge min fata da auduga, ta ɗaura ta sama da gwiwa, ta sa wani abu a wayata. Ta ce duk lokacin da tsoka ta ɗaure takan fitar da 'yar wutar lantarki, kaɗan ƙwarai, mutum ba ya ji. Maɓallan su ke jin ta, su aika wa waya, wayar ta zana.

A fuskar wayar akwai wani koren layi a kwance. Ta ce in matse cinya. Na matse har na cije leɓe, layin ya ɗan yi tsalle kamar ƙuma ya koma. Ta mayar da ɗamarar ƙafar dama ta ce in matse, layin ya tashi sama kamar dutsen bayan gari, wayar ta yi ƙara, ɗit. Ta ce wannan ƙarar nake nema a hagu. Ta koya min motsa jikin da zan riƙa yi, ɗaga ƙafa a miƙe, danna bayan gwiwa a kan tawul, lanƙwasawa kaɗan ina riƙe da kujera. Ta ce in tafi da ɗamarar gida, in riƙa yawo da ita, domin tana ajiye duk abin da ƙafar ta yi. Ta juya ga matata ta ce kada a ƙara shafa min man zafi a wurin, maɓallan ba sa ji ta cikin mai. Matata ta ce to, amma na ga bakinta ya yi tsini.

Na ce, "Likita, yaushe zan tsuguna?"

Ta ce, "Ba yanzu ba."

"Kamar yaushe?"

"Malam, ko tafiya ba ka gama iyawa ba, kana maganar tsuguno. Ina za ka ne?"

Ai kuwa an ba mai ƙaiƙayi abin susa. Layin nan ya shiga raina. A cikin napep ina matse cinya ina kallon waya. A ofishin malamai shugaban makaranta na jawabi, ni ina ƙarƙashin tebur ina kokawa da koren layi. Ina cin tuwo waya na gefen kwano. Matata ta ce tunda na samu wadda ke jin maganar cinyata, ita sai ta koma gidansu ta huta. Kullum layin na ɗan ƙara tsawo, amma ni gani nake kamar da gangan yake jan ƙafa. Ranar da wayar ta fara yi min ɗit a ƙafar hagu, na zaga tsakar gida ina dogara sanda kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Wata safiya muna tsaye da Baba, an kai kan maganar yara, na matse cinya ba tare da na sani ba, don ya riga ya zame min jiki. Wayar ta yi ƙara a aljihu.

Baba ya ce wa bango, "Me ke kuka a jikin mutumin Yelwa?"

Na yi masa bayani iya yadda na fahimta, na fito da wayar na nuna masa layin, na matse ya ga ya tashi. Ya daɗe yana kallo, ya matso da ita kusa da ido.

Ya ce, "Wato ƙarfe ne ke sauraron nama. Mu a da kambu a dantse muke ɗaurawa. Na Nasara a cinya yake."

Daga ranar sunan ɗamarar ya koma kambu. Kullum sai ya tambayi lafiyar kambu a cikin gaisuwa, bayan yara, kafin gona. Bayan 'yan kwanaki, ina yin sallama, kafin ya jawo sanda, sai ya miƙo hannu.

Ya ce, "Kawo kambun nan in ɗaura, in ji ko nawa naman na da abin faɗa."

Na yi dariya, na koma bayan ƙyaure na kwance ta, na miƙa masa, na gaya masa inda ake sa ta, na juya baya. Na ji yana fama da wando yana 'yan ƙunƙuni, can ya ce an gama. Na juyo na duba waya. Yana zaune a kan buzu, layin na kwance lumui.

Ya ce, "To, ai ba a gaisa ba." Ya jawo sanda, ya dafa bango, ya yunƙura.

Layin ya yi sama har ya buga rufin wayar. Ƙarar da na sha wuya kafin in same ta sau ɗaya, ta fara ɗit, ɗit, ɗit ba tsayawa. Na yi sauri na kashe sautin. Na ce a raina ai tashi ne, yanzu zai sauka. Baba ya gama miƙewa, ya gyara riga, ya kalli bango, ya ce yana ji na. Na ce ina kwana. Ya amsa. Ya tambayi babbar 'yata da jarrabawarta. Ina amsawa ina satar kallon wayar a tafin hannuna. Layin bai sauka ba. Yana can sama yana karkarwa kamar haƙoran zarto. Ya tambayi ƙaramin da ke fama da tari. Muryarsa lafiya ƙalau, fuskarsa ko gezau, hannun da ke kan sanda ne kawai na lura jijiyoyinsa sun fito raɗa-raɗa. Aka taɓa ruwa, aka tafi Zungur, aka tsaya a kan tsadar taki, layin na nan inda yake. Sai da ya koma ya zauna sannan ya faɗo, ko a nan ma ya daɗe yana 'yan tsalle-tsalle kafin ya kwanta.

Ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce ƙafar lau, Baba."

Ya ce, "Ai na sani."

Ranar ban koyar da abin kirki ba. Ana tashi na wuce wurin likitar na ajiye mata wayar a tebur. Ta duba, ta ɗago kai, ta ce wannan ba ƙafata ba ce. Na ce ta mahaifina ce. Ta fara da faɗa, ta ce na'urar da ƙafata aka daidaita ta, ba a gwada tsawon layin wani da na wani, fata ma ba ɗaya ba ce. Sannan ta shiga jan hoton da yatsa.

Ta ce, "Amma bar maganar tsawo, dubi faɗinsa. Mutum in ya gama miƙewa, cinya hutawa take, ƙashi ya ɗauki kaya. Wannan bai huta ba. Gwiwan shi ba ya miƙewa duka, tsoka ne ke riƙe da shi tun daga nan har nan, kuma rawa yake. Me yake yi a tsaye haka?"

Na ce, "Gaisawa muke."

Ta dube ni kamar ba ta ji daidai ba. Ta ce, "Kada a bar shi yana daɗewa a tsaye. Irin wannan ƙafan ne ke saki ba sallama. Tsoho kuma in ya faɗi a kan ƙugu, ka san sauran."

Na sani. Na ga yadda aka yi da maƙwabcinmu, daga santsin bayan gida bai ƙara tashi ba. Tun daga ranar hankalina bai ƙara kwanciya ba. Na fara da magana, na ce Baba likita ta ce tsayuwa ba ta yi maka kyau. Ya ce likitar tawa ce ko tasa. Na sa kafinta ya yi masa kujera mai tudu da hannuwa, na ce in ya zauna a kai ai ya fi ni tsawo ko ina tsaye, in na ranƙwafa. Washegari na tarar an ɗora mata rediyo da buta, Baba na kan buzunsa. Ni kuma in zauna a kujera shi yana ƙasa, wannan ko a mafarki. Na roƙi ƙanwata ta yi masa magana, ta ce in ni ban iya ba ita wa ce ce.

Sai na koma yanke gaisuwar. In ya tambayi babbar 'yata, in ce duk suna lafiya, suna gaishe ka, uwarsu ma haka. Kafin ya kai Zungur na ce an yi noma, taki ya isa, zan makara. Kwana na farko ya ce, "Yau sauri ake." Na biyu ya bar ni na tafi. Ana nan wata safiya ina juyawa zan fita, ya ce, a hankali, yana kallon bangonsa, "Ko an yi wa mutumin Yelwa laifi ne a gidan nan?"

Wallahi da mari ya yi min da ya fi min sauƙi. Na ce babu komai, Baba, aiki ne ya yi yawa. Na fita ina jin kamar in kama ƙafar nan in karya ta gaba ɗaya in huta.

Na ga ba mafita sai in tsuguna. Idan na tsuguna ba shi da dalilin tashi. Na shiga yi wa ƙafar horon da ba a sa ni ba. Abin da likita ta ce in yi safe da yamma, na mayar da shi kamar cin goro. Ina kama ƙarfen taga in yi ƙasa, in wuce inda ta ce in tsaya, in ƙara ƙasa har idona ya kawo ruwa. Matata ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu ta ce, "Malam, ƙafar nan fa ba ta haya ba ce." Na ce ta koma kan miyarta. Layin kuwa sai ya fara ba ni haushi, maimakon ya ƙara tsawo sai ya riƙa raguwa, ni kuma in ƙara matsa masa. Ban ankara ba gwiwa ta kumbura ta yi suntum kamar ƙwarya, ta yi zafi, ko taka ta ba na iyawa sai da sanda biyu.

Ban yi niyyar faɗa wa likitar komai ba, na ce mata kawai tashi na yi na ga ta kumbura. Ta karɓi wayar ta duba. Kambun ya ajiye komai.

Ta ce, "Malam, wa ya aike ka? Ga inda na ce ka tsaya, ga inda ka je. Ka ga nan? Tsoka ya gaji ya daina amsawa, kai kana ta dukan shi, gwiwa ke shan wuya. Ku ne masu Hausa, ku kuka ce zafin nema ba ya kawo samu. Ka mayar da mu baya."

Ta hana ni lanƙwasa ta sai kumburin ya sace, tsuguno kuwa ta ce in cire shi a raina har bayan kaka, in ma zai dawo kamar da. Sai na gaya mata duka, zauren, buzun, tsakar da ke bango. Ta saurara ba ta katse ni ba. Ta ce su ma a garinsu ba a tsaya wa babba a kai, ta gane. Ta ce amma akwai hanyar da mai gwiwa irin tawa ke kai wa ƙasa. Ta nuna min a kan tabarmar ɗakin: a kama abu mai ƙarfi, a sauka a kan ƙafar dama, ta hagu a bar ta ta zame gaba a miƙe, a zauna daɓas.

Na ce, "In miƙe wa ubana ƙafa? A zaurensa?"

Ta ce, "To ka zaɓa. Ko ƙafan ka a miƙe, ko nashi a tsaye."

Na fita ina huci. Ni da ko a gaban yayyen mahaifiyata ban taɓa miƙe ƙafa ba. Muna yara in ɗayanmu ya yi haka a gaban babba, kafin ya ankara an sakar masa carbi a ƙauri. Zauren Baba kuma ƙarami ne, duk inda na juya ƙafar sai ta kai bakin buzunsa. Na ga tsayuwa rashin kunya, zama ma rashin kunya, sai na zaɓi abin da na ɗauka ya fi sauƙi, na daina zuwa. Na ce kumburi ne ya hana ni, kuma da gaskiyata. Ina kiran ƙanwata a waya in ce ta gaishe shi. Napep ɗin da ke kai ni makaranta na sa ya riƙa bi ta wata hanya. Amma zaman bai zaunu ba. In shiga ɗaki in fito, in je bakin titi in dawo, in ɗauki littafi in ajiye. Abinci ma a tsaye nake ci.

Wata ranar Laraba ƙanwata ta kira ni da hantsi, ina tsakiyar aji. Ta ce ba wani abu ba ne, kada in tayar da hankali. Ta ce tunda na daina zuwa, duk napep ɗin da ya tsaya a ƙofar gida da safe sai Baba ya jawo sanda ya miƙe, wai don kada in shigo in tarar da shi a zaune in ji nauyi. Ya tsaya ya yi ta jira, sai ya ji ba sallama sannan ya koma. Titin gidanmu kuwa napep ba ya yankewa. Ta ce yau ƙafar ta sake shi, Allah ya taimaka bango ya tare shi, gwiwar hannu kawai ya goge. Ya hana ta faɗa min.

Washegari na sa mai napep ya sauke ni tun daga bakin layi, don kada Baba ya ji tsayuwarsa. Na taka a hankali, na tuɓe takalmi nesa da ƙofa. Na lallaɓa kamar yaron da zai shiga wurin hedimasta. Ban yi sallama daga waje ba, sai da na sa kai cikin zaure. Yana zaune, an ɗaure masa gwiwar hannu da tsumma, gwadonsa a kafaɗa saboda sanyin ruwan da aka kwana ana yi. Yana jin muryata hannunsa ya tafi kan sanda.

Na saki sandunana suka faɗi. Na kama ƙyauren da hannu biyu, na sauka a kan ƙafar dama, ta hagu ta zame gaba. Ban iya shi yadda likita ta nuna ba, rabin hanya hannuna ya kuɓuce na faɗi daɓas, har ƙura ta tashi, wayar ta yi ɗit a aljihu. Da na buɗe ido, ga ni a ƙasa, ga ƙafata a miƙe sambal, tafinta na taɓa gefen buzun mahaifina. Na sunkuyar da kai. Kunyar ranar farko ba komai ba ce a kan wannan.

Na ji ya ajiye sandar. Ya zare gwadon daga kafaɗarsa, ya warware shi, ya rufa a kan ƙafar tun daga tafi har cinya, ya gyara gefe da gefe kamar mai rufe kaya a kasuwa in hadari ya taso.

Ya ce, "Ni ban ga ƙafa ba."

Bai ɗauke hannunsa ba. Ya bar shi a kan gwadon, daidai inda kambun yake. Rabon da hannun Baba ya taɓa jikina tun ina ƙaramin da ba na iya tunawa. Har yau ban sani ba ko da gangan ya ce in ba shi kambun nan ya ɗaura, ban kuma tambaye shi ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ya ce wa bango, "Me yake cewa yanzu?"

Na zaro wayar na duba. Layin na kwance.

Na ce, "Ya yi shiru, Baba."

Ya ce, "Nawa ma haka. To, gaishe ni. Kuma a bi min yaran nan ɗaya bayan ɗaya."